Murya zalla, ganga zalla: tambayoyi da amsoshi kan warware tsofaffin waƙoƙin rok da pop

Tun da na fara tura wa abokai irin sautin nan da za ka ji mawaƙi shi kaɗai babu kiɗa, ko makaɗi shi kaɗai babu waƙa, tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tara wuri guda, tare da abin da na sani a kansu.

Mene ne ake nufi da murya zalla ko kiɗa zalla?

Waƙar da kake ji a rediyo ko a waya dafaffiyar miya ce, an riga an zuba komai an juya. Amma a situdiyo ba haka take farawa ba. Ana ɗaukar kowane sauti a layinsa: ganguna a nasu layuka, jitar bes a nata, fiyano a nasa, jagoran waƙa a nasa, 'yan amshi a nasu. A shekarun 1970 duk wannan yana kwance ne a kan zare mai faɗin inci 2, irin zaren kaset amma ƙato, wanda ke ɗauke da layuka 16 ko 24 jere da juna. Bayan an gama ɗauka sai injiniyan sauti ya zauna gaban allon maɓallai, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, har ya haɗa su duka su koma layi biyu, na kunnen dama da na hagu. Wannan haɗin shi ake bugawa a faifai a kai kasuwa.

In aka koma wa wancan babban zaren aka rufe bakin kowane layi aka bar guda ɗaya, abin da ya fito shi ne murya zalla, ko ganga zalla, ko bes zalla. Wani lokacin abin da za ka samu rukuni ne, misali duk gangunan a haɗe ko duk 'yan amshin a haɗe.

Tun yaushe ake ɗaukar waƙa layi-layi?

Sunan da ke kan gaba shi ne Les Paul, makaɗin jita ɗan Amurka, wanda tun ƙarshen shekarun 1940 yake ɗora sauti kan sauti. A 1957 kamfanin Ampex ya kawo masa na'ura mai layi 8. Sai dai abin ya daɗe kafin ya game ko'ina. 'Yan Beatles sun yi faifansu biyu na farko da layi 2 kacal, sai a watan Oktoban 1963 suka fara aiki da mai layi 4 a situdiyon Abbey Road da ke Landan, kuma da layi 4 ɗin nan suka yi faifansu Sgt. Pepper a 1967.

Yadda suka yi shi ne abin lura, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa wasu sautukan ba za su taɓa rabuwa da daɗi ba. In layuka huɗun sun cika, sai a haɗa su a juye kan layi ɗaya ko biyu na wani sabon zare a wata na'urar, a samu fili, a ci gaba da ɗorawa. Duk abin da aka juye tare ya auri juna ke nan. Ko da layi 24 ya zo, ba a rabu da wannan dabarar ba. Lokacin da 'yan Queen ke haɗa Bohemian Rhapsody a 1975, mutum uku ne, Freddie Mercury da Brian May da Roger Taylor, suka yi ta maimaita amshi har ya koma kamar na cincirindon jama'a, kuma Brian May ya sha ba da labarin cewa zaren ya sha gurza a kan na'ura har in aka ɗaga shi ana hango haske ta cikinsa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: faifan Band on the Run na Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, a situdiyon EMI na Legas aka ɗauki yawancinsa a 1973, da na'ura mai layi 8.

To ta ina waɗannan sautukan suka fito har suka cika YouTube?

Ta ƙofofi da yawa, wasu na gaba wasu na baya.

Akwai waɗanda masu abin suka fitar da hannunsu. Tun 1968 'yan Beach Boys suka saki faifai mai suna Stack-o-Tracks, kiɗan waƙoƙinsu ne tsura ba murya, don mai saye ya rera da kansa. A 1997 kuma aka fitar da The Pet Sounds Sessions, wanda a ciki akwai muryoyin zalla. Haka waƙar Because ta Beatles ta fito babu kiɗa a Anthology 3 a 1996. Sannan akwai shirye-shiryen talabijin irin su Classic Albums, inda ake zaunar da furodusa ko injiniya gaban allon maɓallai yana buɗe layi ɗaya bayan ɗaya yana bayani.

Amma babbar ƙofar, abin mamaki, wasan bidiyo ce. Guitar Hero ya fito a 2005, Rock Band a 2007, na Beatles kuma a 2009. Tsarin wasan shi ne, in ɗan wasa ya kuskure wa jita, sai sautin jitar ya ɗauke, sauran kiɗan ya ci gaba. Hakan ba zai yiwu ba sai kowane kayan kiɗa yana zaman kansa, don haka kamfanonin faifai suka buɗe rumbunansu suka ba da layukan. Ba a jima ba masu ƙwaƙule-ƙwaƙulen kwamfuta suka zaro su daga cikin faifan wasan suka watsa. Sai dai a kula, yawancin waƙoƙin da ke cikin Guitar Hero na farko wasu makaɗa ne aka ɗauka suka kwaikwaya, ba ainihin masu waƙar ba ne.

Ragowar kuma sun sulalo ne ta hannun ma'aikatan situdiyo da makarantun koyon aikin sauti, ko an tsamo su daga faifan da aka haɗa don lasifika shida, inda sau da yawa akan ajiye muryar jagora a lasifikar tsakiya.

Da wanne ya kamata in fara?

Da Gimme Shelter ta Rolling Stones, ta 1969, sashen da mace ke rerawa. Sunanta Merry Clayton, 'yar New Orleans, 'yar limamin coci. Cikin dare aka buga mata waya a Los Angeles aka ce wasu 'yan Ingila na neman muryar mace. Tana da ciki, ta riga ta kwanta, ta zo situdiyo da kayan barci. Ba ta yi ɗauka da yawa ba. A ta ƙarshe ta ɗaga murya sama da inda ta fara, kuma a wajen minti na uku na waƙar muryar ta tsage, tsagewa ta gaske, irin ta wanda ya ba da duk abin da ke ƙirjinsa. A cikakkiyar waƙar za ka ji tsagewar, amma jita da ganga sun lulluɓe abin da ya biyo baya. A murya zalla kuwa, daƙiƙa guda bayan tsagewar, sai ka ji Mick Jagger, jagoran waƙa na Rolling Stones, can gefe ya yi ihun mamaki, abin ya suɓuce masa. Ranar da na fara jin wannan da iyafis a kunne, cikin dare, gida ya yi tsit, sai da tsigar jikina ta tashi. Na mayar da wurin baya ya fi sau goma. Shekara da shekaru ina jin waƙar ban san akwai mutum a tsaye kusa da ita ba. Kuma wannan matar, da faifan ya fito, ko sunanta ba a rubuta daidai ba, Mary aka sa.

Daga nan sai ka nemi Marvin Gaye a I Heard It Through the Grapevine ta 1968. Furodusansa Norman Whitfield ya sa shi ya rera a saman inda muryarsa ta saba zama, kuma wannan ƙaiƙayin da ke maƙogwaronsa daga nan ya samo asali. In ka ji shi babu kiɗa za ka lura cewa kiɗan na cikin muryar tasa, ko ba ganga kana iya kaɗa kai.

Under Pressure, wadda Queen da David Bowie suka yi a Montreux ta ƙasar Suwizalan a 1981, ita ce aka fi yaɗawa, kuma ta cancanta: murya biyu masu hali daban, ɗaya na hawa sama kamar ba za ta tsaya ba, ɗayar tana ƙasa a natse. Sai Because, inda 'yan Beatles uku, John Lennon da Paul McCartney da George Harrison, suka rera tare sau uku aka ɗora, mutum uku suka zama murya tara. Tsakanin baiti da baiti kana jin su suna jan numfashi lokaci guda.

Ban da muryoyi fa? Akwai daɗi a sauraron bes ko ganga su kaɗai?

Ni a wurina nan ma abin ya fi taɓa zuciya, domin nan ne ake haɗuwa da mutanen da aka yi wa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfanin Motown na birnin Detroit yana da makaɗansa na gida da ake kira Funk Brothers, su ne ƙashin bayan waƙoƙin Supremes da Temptations da Four Tops da Stevie Wonder na shekarun 1960, amma ba a sa sunayensu a bangon faifai. Sai a 1971, a What's Going On na Marvin Gaye, aka fara rubuta su. Makaɗin bes ɗinsu James Jamerson da yatsa ɗaya yake kaɗawa, manuniyar hannun dama, kuma ba ya son canza tsirkiyar jitarsa ko ta tsufa. Ka ji layinsa shi kaɗai a waƙar What's Going On: ba ya maimaita abu ɗaya yadda aka saba, yana yawo, yana jinkirtawa, yana shigowa ta inda ba ka zata ba, kamar wata waƙa ce ta biyu a ƙarƙashin ta farko. Ya rasu a 1983, galibin masu rawa da kiɗansa ba su san sunansa ba.

A ɓangaren ganga, John Bonham na Led Zeppelin. Don ɗaukar When the Levee Breaks a 1971, an kafa gangunansa a zauren wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila, injiniya Andy Johns ya rataye makirufo biyu a saman matakalar bene. Wannan rugugin da kake ji amon gidan ne, haɗe da na na'urar amsa-kuwwa da injiniyan ya ƙara.

Me ya sa nake jin kiɗa ƙasa-ƙasa a bayan muryar? Na jabu ne?

A'a, galibi ma alamar na asali ce. Mawaƙi na sanye da hedifon yana jin kiɗa lokacin da yake rerawa, sai kaɗan daga ciki ya tsiyayo ya shiga makirufo. In kuma duka ƙungiyar a ɗaki ɗaya suka yi, to ganga za ta leƙa layin kowa.

Na ji wani shahararren mawaƙi babu kiɗa, sai na ji muryar ba ta kai yadda na zata ba. Ashe dama ba su iya ba?

Wannan hukuncin akwai rashin adalci a cikinsa. Ba a yi wannan layin don a ji shi tsirara ba. Mai rera waƙar rok yana kokawa ne da jita biyu da ganga, dole ya matse murya ya yi ƙaraji, kuma abin da ya yi kaushi shi kaɗai shi ne ke zama daidai in an haɗa. Haka bes ɗin da za ka ji yana ƙarar tsirkiya da gogar yatsa, wannan dattin ne ke sa a ji shi ta ƙaramar rediyo. Akwai masu ɗauko layin wani ɗan amshi daga wasan dandali, inda mutum ko kansa ba ya ji saboda hayaniya, su watsa don a yi masa dariya. Ban ga abin burgewa a nan ba.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya, sai 1997 ta fito. Yawancin abin da ka ji daga kafin nan, ana iya maimaita ɗauka, ana iya yanka zare da reza a liƙa mafi kyau, amma muryar da ta fita daga bakin mutum ita ce dai. Kuma kurakuran da suka rage an bar su ne saboda ɗaukar ta yi rai. A Since I've Been Loving You ta 1970 abin taka gangar ƙasa na Bonham yana ƙiƙi-ƙiƙi kamar ƙyauren da ke neman mai, tun daga farkon waƙar. Da zarar ka ji shi sau ɗaya, ka dinga jin sa ke nan.

Zan iya cire murya daga waƙa da kaina?

Za ka iya, ta hanya biyu. Tsohuwar dabara lissafi ce. A yawancin waƙoƙin sitiriyo muryar jagora tana tsakiya, wato daidai take a kunnen dama da na hagu. In ka kifar da sautin ɓangare ɗaya ka haɗa shi da ɗayan, duk abin da ke tsakiya zai kashe kansa. Muryar za ta tafi, amma bes da gangar ƙasa ma a tsakiya suke, sai su bi ta. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana yin wannan.

Sabuwar hanya ita ce ƙirƙirarriyar basira. A 2019 kamfanin Deezer na Faransa ya saki Spleeter kyauta, masu bincike na Facebook kuma suka fitar da Demucs. An horar da su da waƙoƙin da ake da layukansu a rarrabe, har suka koyi kamannin murya da na ganga da na bes. In ka ba su dafaffiyar waƙa, sai su kasa ta gida huɗu: murya, ganguna, bes, da tarkacen sauran. Yanzu akwai manhajojin waya da yawa da ke wannan aikin cikin minti biyu.

Yaya zan bambanta na asali da wanda kwamfuta ta tsamo?

Sa hedifon ka saurari wuraren da mawaƙi ya yi shiru. A na asali akwai rai a cikin shirun: shuuu ɗin zare, jan numfashi, motsin ƙafa, wani lokaci tari ko ƙirga ɗaya-biyu-uku kafin a fara. A na kwamfuta shirun ƙurmus yake kamar an datse da wuƙa, ƙarshen kalmomi na narkewa, harafin "s" na yin wani ƙyalli kamar ana magana a cikin ruwa, wani lokacin kuma jita mai kuka irin na mutum takan faɗo cikin murya.

Na damu da wannan bambancin ne saboda na taɓa cin karo da abin da aka rubuta wa "daga ainihin zaren situdiyo", na zauna ina koyon layin bes daga ciki, sai daga baya na gane kwamfuta ce ta tsamo shi, ta kuma haɗiye ƙananan kaɗe-kaɗen da makaɗin ke sakawa tsakanin manya. Su ne kuwa gishirin layin. Na kwamfuta na da amfaninsa, amma hasashe ne, kuma wanda ya ɗora ya kamata ya faɗa.

Waƙar Beatles ta ƙarshe, kwamfuta ce ta ƙirƙiri muryar John Lennon?

Ba ƙirƙira ba ce, tsamowa ce. Lennon ya rera Now and Then a gidansa na New York a ƙarshen shekarun 1970, yana kaɗa fiyano, kaset na ɗauka. An kashe shi a 1980. A 1994 matarsa Yoko Ono ta miƙa wa sauran ukun kaset ɗin, suka gwada aiki a kai a 1995 suka ajiye, domin fiyanon ya danne muryar ga kuma gurnanin lantarki. Da Peter Jackson, mai shirya fim ɗan Niyu Zilan, ya zo haɗa shirin Get Back na 2021, ma'aikatansa suka gina wata manhaja da suka kira MAL don raba maganar mutane da ƙarar jita. Da ita furodusa Giles Martin ya sake haɗa faifan Revolver na Beatles a 2022, inda a wasu waƙoƙin ganga da bes da jita duk suna kan layi ɗaya. Da ita kuma aka zare muryar Lennon daga fiyanon. McCartney da Ringo Starr suka ɗora nasu, aka sa jitar da George Harrison ya kaɗa a 1995 kafin rasuwarsa a 2001, waƙar ta fito ranar 2 ga Nuwamban 2023, ta kuma ci kyautar Grammy a 2025.

Doka ta yarda in yi amfani da su a waƙata?

Sauraro da koyo a ɗakinka daban, fitarwa kasuwa daban. Kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu, na wanda ya tsara waƙar da na wanda ya mallaki ɗaukar, galibi kamfanin faifai. Raba murya da kiɗa bai goge ko ɗaya ba, ko kai ka raba da wayarka. In ka ɗora muryar wani kan kiɗanka ka saki ba izini, YouTube na iya sauke ta ko ya karkatar da kuɗin ga masu ita.

Ainihin zarurrukan suna nan har yau?

Wasu suna nan, wasu sun tafi. Ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta cinye wani rumbu a harabar Universal da ke Los Angeles. A 2019 mujallar New York Times ta ruwaito cewa zarurruka fiye da 100,000 ne suka ƙone, kamfanin kuma ya musanta cewa asarar ta kai haka. Waɗanda suka tsira ma suna da tasu cutar. Wani irin zaren da aka yi amfani da shi sosai a shekarun 1970 da 1980, ƙaron da ke riƙe da maganaɗisun jikinsa yana shan laima ya yi danƙo, in aka kunna shi haka sai sautin ya kankare a kan na'ura. Maganinsa shi ne a gasa shi a tanda ta musamman, a zafin da bai wuce digiri 50 zuwa 55 ba, na tsawon awoyi, sannan a yi maza a juye shi a kwamfuta kafin danƙon ya dawo.

Za a iya yi wa waƙoƙin Shata ko Ɗanƙwairo haka?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini. Ta hanyar zare mai layuka, da wuya, domin yawancin abin da ke hannun jama'a an ɗauke shi ne a taro ko a gidan rediyo, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira duk a lokaci guda. Babu layin da za a koma a buɗe. Mawaƙan situdiyo na yau a Kano da Kaduna su ne ke da wannan damar, tunda a kwamfuta suke ɗauka layi-layi, in dai ba a goge fayilolin don neman fili ba bayan waƙa ta fita.

Saura manhaja. Na gwada da wani tsohon kaset na Shata da na juye a kwamfuta. Muryarsa ta fito fiye da yadda na zata, har da ɗan jan numfashin da yake yi kafin ya jefa baiti. Amma 'yan amshi sun manne masa, domin a wurin manhajar murya duk murya ce. Kalangu kuwa ya rikita ta. An horar da ita da gangunan Turawa masu amo ɗaya tsayayye, ga kuma ganga da ake matsa wa tsirkiya a hammata tana hawa tana sauka kamar mai magana. Sai ta kasa shi uku: bugun ta kai gidan ganguna, gurnanin ƙasa ta kai gidan bes, wuraren da kalangun ke kiran suna kuwa ta bar su a gidan murya, tare da Shata.